Ranar da Hannuna Ya Kai Famfon Tsakiya

Injin ban ruwa ne ya faɗa dam, na wani Alhaji mai gonar tumatur, aka zo har gida aka ɗauke ni. Bai fi wata biyu ba da yin haka. Na shiga, na laluba, na ɗaura masa igiya aka jawo shi. Ina fitowa ina haki na tarar samari sun cika bakin ruwa, kowa da waya a hannu. Ɗaya a cikinsu, wanda ke karatu can wajen Rijiyar Zaki, ya ce wai ai aikin ba wuya, ya gani a waya, mutum na yawo cikin ruwa garai-garai kifaye na bin sa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. A aji huɗu na tsaya, sai ku karanta a yadda ya zo.

Da farko dai, ruwan da kuke gani a waya ba shi ne namu ba. Namu kunun kanwa ne. Da ka wuce gaba biyu ba ka ganin tafin hannunka sai ka manna shi a gilashin fuska. Shekara goma sha tara ina nutso, ban taɓa ganin kifi yana bina ba. Sai dai in ji abu ya goge ni a cinya, in yi ta'awizi in ci gaba da aikina. Abin da ake kiranmu mu ɗauko kuwa ba abin kallo ba ne: inji, babur, saniyar da ta zame, wani lokaci ɗan mutane. Wannan na ƙarshen ba zan yi maganarsa a nan ba.

Ni asalina yasar rijiya nake yi da rani, noma da damina. Ƙauyenmu na kusa da Zakirai, inda gonaki suka matse juna. Da aka raba ta babanmu tsakaninmu mu huɗu, tawa ta zama in na yi atishawa a tsakiyarta maƙwabci ne ke amsa mini. Sai ga shekarun nan da ruwa ya riƙa ɗaukewa tun gero bai yi ido ba, biyu a jere. Yasar rijiya ma ta mutu, don masu hali sun koma burtsatse, marasa hali kuma ba su da abin sallamar mai yasa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a lokacin. Muna cikin haka aka ce wani kamfani da aka ba gyaran ƙofofin dam yana neman mutanen da ba sa tsoron zurfi. Mu shida aka ɗauka. Tun ranar farko aka gaya mana uku za a riƙe, uku su koma gida. Na san abin da ke gidan, don haka ban yi niyyar komawa ba.

Wanda ya koya mana sunansa Malam Tanko, mutumin Yawuri ne, ya yi shekaru yana aikin teku a kudu. Gajere ne, kunnensa ɗaya ya mutu, ba ya ɗaga murya. Oga muke ce masa. Wata guda muka yi da tukunyar iska ɗaya a baya, kuma a nan na yi abin kirki, don rijiya ta riga ta koya mini duhu da matsi. Yaran nan biyar duk na girme su, ina kallonsu suna firgita ina murmushi. Har na fara tunanin wane uku, ai ni ne na ɗaya.

Sai aka kawo tagwaye. Tukwane biyu ne aka ɗaure da ɗamarar ƙarfe, aka haɗa wuyansu da bututu. Famfo uku ne a kansu, na dama, na hagu, da na tsakiya, duk a bayan ƙeyarka. Daga na dama dogon tiyo ke fitowa, shi kake sa wa a baki kana numfashi. Daga na hagu akwai gajeren tiyo da ke rataye a wuya ƙarƙashin haɓa kamar laya, na ko-ta-kwana ke nan. Geji ma, mai allurar da ke nuna sauran iska, daga hagun yake fitowa. Oga ya ce duk wanda zai je babban horo, inda ake shiga zurfin da sai an gauraya iska, a riƙa tsayawa zango-zango wajen fitowa, sai ya iya tagwaye tukuna kamar yadda ya iya sa wandonsa. Ranar da aka fara ɗora mini su, nauyinsu ya kusa buhun masara. Na miƙe da ƙarfina, na tafi ta baya, na kwanta rigingine ƙafafu a sama kamar kunkuru. Mutum biyu ne suka juya ni.

Amfanin famfunan nan Oga ya yi bayaninsa a allo, da alli da lambobi da kibiyoyi. In gefe ɗaya ya fashe yana zubar da iska, ka rufe wannan gefen. In wuyan ne ya sami matsala, ka rufe na tsakiya ka tsira da rabi. In ba haka ba na tsakiya a buɗe yake kullum. Ya daɗe yana magana a kan geji ma. Ni dai ina ta gyaɗa kai. Allo da alli tun ina yaro ba ma shiri, kuma kunya ta hana ni in ce a gaban yara ban gane ba. Na riƙe abu ɗaya kawai, cewa akwai famfo a tsakiya da ke raba tukwane biyu.

Jarrabawar tagwaye ita ce ka miƙa hannu bayan kanka a cikin ruwa, ka rufe famfunan nan ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A nan asirina ya tonu. Kafaɗar da ta yi shekara talatin tana garma da jan guga gaba ta sani da ƙasa, ba ta san sama da baya ba. Na dama da na hagu ina taɓa su da ƙyar. Na tsakiya kuwa, hannuna na zuwa kunne sai ya tsaya. Abokin nutsona Isuhu, ɗan masunta ne, hannunsa kamar igiya, yana rufe nasa yana hamma. Ya ce mini, "Dattijo, kai da ko ƙeyarka ba ka iya sosawa, wa ya aike ka?" Na bi duk abin da aka ce. Na riƙa lilo a reshen darbejiya kamar biri. In na je gida ranar Juma'a mai ɗakina ta murza mini man zafi. Bayan salla sai in zauna ina wurga hannu baya, har liman ya tambaye ni ko ƙaiƙayi ke damuna.

Matsala ta biyu ita ce cin iska. In muka fito, gejin kowa na rabi, nawa na kusa da ƙasa. Injin ɗura iska da mai yake aiki, mai kuwa a lokacin sai an yi rabin yini a layi. Duk sanda Oga ya duba gejina sai ya ce, "Haladu, iska kake sha ko tuwo kake ci?" Isuhu ya raɗa mini Zuga-zugi, sunan ya bi ni. To ka ga mutumin da hannunsa ba ya kai famfo, ga shi yana cinye iskar mutum biyu. Ko ni ne Oga na san wanda zan fara kora.

Yanzu sai na gaya muku wani abu game da gidanmu, in ba haka ba za ku ce hauka na yi. Babanmu rumbu biyu gare shi, na gaba da na baya. Da an gama kaka sai ya liƙe bakin na baya da laka. Ba mai taɓa shi, ko da suna ake yi a gidan, sai an share na gaba tas. Duk yankinmu haka ake yi, kuma abin da ya sa muka rayu a shekarun yunwa ke nan. Mutumin da ke ɗiba daga rumbu biyu lokaci guda, a wajenmu ba a ba shi mata. Da wannan kan na zo bakin dam. Kullum ina kallon tagwayen nan ana shan su tare ina jin abin bai kwanta mini ba. Na ce a raina mutanen teku ba su san fari ba.

Ranar da abin ya faru, an sa mu sauka gaba takwas wajen ragar ƙarfen da ke gaban ƙofar ruwa, mu ciccire ciyawar kacalla da itatuwan da suka toshe ta. Ni da Isuhu an haɗa mu da gajeriyar igiya, Oga na sama da mu kaɗan. A cikin kwale-kwale ya taɓa famfunan kowa da hannunsa, yadda ya saba, ya tabbatar a buɗe suke. Muna sauka, wajen gaba uku, na wurga hannu baya don ya zame mini jiki. Ban san me ya faru ba, ko tukwanen ne suka ɗan taso sama da na sunkuya, sai na ji yatsuna a kan famfon tsakiya. Sati uku ina neman sa. Mai hankali da ya taɓa shi ya yi hamdala ya sake shi. Ni kuwa na murɗa shi har ya tsaya. Dabarata ita ce in ci na dama, in dawo wa Oga da na hagu a liƙe, ya ga wanda ya san tattali.

Muka kama aiki. Can na manna geji a gilashi, allurar na haske kaɗan a duhu, na ga ba ta motsa ba. Na ƙara fizgar kacalla, na sake dubawa, tana nan inda take. Wallahi murna na yi. Na ce Allah ya sa wa iskata albarka, yau Zuga-zugi zai ba su kunya. Na ƙara ƙaimi, ina jan itace kamar mai sassabe. Na ji jikina na karkata hagu, na ɗora wa igiyar ruwa laifi. Ashe tukunyar dama ce ke yin sakayau tana ƙarewa, gejin kuwa tukunyar hagu yake kallo, wadda na liƙe da hannuna.

Numfashi ya fara tauri, kamar mai zuƙar kunu ta kara. Na ja sau biyu, na uku babu komai. Na duba geji, a cike. Na wurga hannu baya in buɗe famfon, hannu ya zo kunne ya tsaya inda ya saba. Tukunya guda cike da iska na goye a bayana, tiyonta na rataye a haɓata, tazarar yatsa huɗu da bakina, amma ko tuna shi ban yi ba. Abin da ya zo mini shi ne in harba sama da gudu, abin da Oga ya ce shi ke yaga huhun mutum. Igiyar da ke tsakanina da Isuhu ce ta fizge shi. Ya laluba ya sami fuskata, ya ji ba kumfa, ya cire tiyon bakinsa ya cusa mini, shi ya koma na wuyansa. Na sha iskar yaron nan kamar jaririn da aka daɗe ba a ba nono ba. Sai na ji hannun Oga yana bin bayana. Ya murɗa, iska ta tsallaka daga hagu zuwa dama da ƙara a gindin kunnena, kuma duk wanda ya san aikin ya san ma'anar wannan ƙarar. A nan cikin ruwan ya ranƙwashe ni a ka. Muka hau a hankali.

A kwale-kwale muka cire kaya. Oga ya ce shi da hannunsa ya buɗe famfon nan, don haka wani ne ya rufe shi a ruwa. Bai ko dube ni ba, don duk duniya ta san hannuna ba ya kaiwa. Sai ya dubi Isuhu, tunda shi ne mai tsokana kuma shi ne kusa da ni. Ya ce masa wanda ya yi wasa da famfon ɗan'uwansa yau zai bar wurin nan. Isuhu ya hau rantsuwa, idonsa ya kawo ruwa. Da na yi shiru, da mutum ɗaya ya ragu a cikin shida, kuma wanda ya fi mu duka. Na ga wannan sarai, ba zan ɓoye muku ba, har na ɗan jima ina kallonsa. Amma iskarsa ce a ƙirjina.

Na ce, "Oga, ni na rufe."

Ya juyo da kunnensa mai ji. Na maimaita. Ya ce in daina rufa wa yaro asiri. Sai da aka mayar mini da tukwanen a baya aka ce in nuna. Na wurga hannu, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sauran suka fara dariya, ga mutum yana neman a yarda shi ne mai laifi ya kasa. A na uku na sunkuya yadda na yi a ruwa, yatsuna suka kama. Dariya ta tsaya.

Ya tambaye ni dalili, na ba shi labarin rumbun babanmu tiryan-tiryan. Na ɗauka zai zage ni. Sai ya ce, "Babanka ya yi daidai. Sai dai shi ba ta hanci yake cin geronsa ba." Ya kama yatsana ya bi da shi kan tiyon geji har inda ya shiga tukunyar hagu. "Ka liƙe rumbun baya, kana leƙa shi kana murna bai ragu ba." Sannan ya ɗaga gajeren tiyon da ke wuyana ya kaɗa mini shi a hanci. "Wannan fa, kwalliya ce?"

Bai kore ni ranar ba. Ya ce sati guda ba ni ba ruwa, in yi dakon tukwane in tsare inji, bayan nan jarrabawa ɗaya, in na faɗi in kama hanya. Cikin satin ya kira ni bayan tanti, ya kawo jarkoki biyu da ya huda ya haɗa da tiyo, ya cika su da ruwa. Ya buɗe ɗaya tana zuba, duka biyun suka riƙa sauka tare. Ya matse tiyon da yatsa, ɗaya ta ci gaba da sauka, ɗaya ta tsaya. Abin da allo ya kasa sa mini a ka cikin wata guda, jarka ta sa mini kafin ruwan ya ƙare. Ya ce allurar da ba ta motsi alhali kana numfashi, ba albarka ba ce, labarin mutuwarka take ba ka. Ya ce kuma shi ma da nasa laifin, da ya ga ina gyaɗa kai da yawa ya kamata ya gane.

Jarrabawar a gaba uku aka yi ta. Na rufe dama na koma tiyon wuya, na buɗe, na rufe tsakiya na buɗe, na rufe hagu na buɗe. Sau uku, kafaɗa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sannan ya sa ni bin igiya in je in dawo, yana biye da ni, har ya ɗan taɓa bayana kamar mai gyara ɗamara. Na yi nisa kaɗan na duba geji. Na ƙara gaba na sake dubawa, allura na nan inda na bar ta. Wannan karon ban yi murna ba. Na tsaya, na sunkuya, na kai hannu, na tarar da famfon tsakiya a rufe, na buɗe. Sai na ji Oga ya matsa mini dantse sau biyu, alamar na ci.

Isuhu ne na ɗaya, shi aka tura kudu babban horo, kuma ya cancanta. Wani yaro daga Shanono ne na biyu. Da aka zo na uku Oga ya ce, "Haladu, zan riƙe ka. Amma teku ba taka ba ce." Na ce ni ma ban tambaya ba. Ya yanka mini iyaka, zurfin gaba goma, ƙofofin dam da abin da ya faɗa ruwa, kuma a nan nake har yau. Cin iska bai bar ni ba. Tagwayen da ake cewa matakin farko ne kafin babban ilimi, ni a kansu na tsufa.

Aikinmu na farko bayan an riƙe mu kwana tara ya ci, ba zuwa gida. Muka share ragar nan tas, muka kwance laka daga bakin ƙofar da ta yi shekaru rabi a toshe, aka murɗa ta ta buɗe. Ruwa ya shiga babbar kwata da ƙarfinsa ya nufi fadamun noman rani. Aka sallame mu da hantsi. Na ƙi hawa mota, na rataya jaka na bi gefen kwatar da ƙafa, ƙirji a gaba, ina so duk wanda ya ga ruwan ya ga wanda ya sako shi. A hanya akwai inda yayana Musa ya ari fili ya dasa albasa. Na same shi cikin taɓo har gwiwa. Ruwan ya zo da yawa ya fasa masa fangali uku, dashen albasa na yawo a sama. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba.

"Ku ne kuka buɗe?"

Na ce mu ne.

"To ajiye jakar, ga fartanya can."

Na tuɓe takalmi na shiga. Muka yi ta tare ruwa muna tsince albasa muna mayarwa har aka kira la'asar. Muna wanke ƙafa a bakin kwata ya tuna ya tambaye ni ko an ɗauke ni aikin kuwa. Na ce an ɗauke ni.

Ya ce, "To madalla. In ka koma ka ce musu su riƙa buɗewa a hankali."